Haɗin mangwaro da kokwamba yana rabuwa kuma yana ɗaci: ina gyaran yake?

Maman Nafisa, Zariya:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan markaɗen ƴaƴan itace. Abin da ake zubawa a mikser shi ne mangwaro uku, yankan abarba biyu, kokwamba ɗaya da ɓawonta, karas ɗaya, madarar gari da aka dama kofi ɗaya, sai ƙanƙara. Da an gama yana da kyau a ido. Bayan minti ashirin sai ruwa ya kwanta ƙasa, tuƙa da kumfa su taso sama, kuma idan ya kai awa ɗaya a firigo sai ya yi wani ɗaci a maƙogwaro, yara su ƙi sha. Me ke kawo haka? Kuma ta yaya za a samu mai kauri da sanyi a wannan zafin ba tare da ƙanƙara ta tsinka shi ba?

Hajiya Mai Lambu:

Wa alaikumus salam ƴata. Matsala biyu ce kika haɗa a kofi ɗaya, kowace da sanadinta.

Ɗacin nan da ke zuwa daga baya, abarba da madara ne. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai suna buromelin wanda aikinsa narkar da furotin, shi ya sa take tausasa nama, shi ya sa kuma take cin harshe idan aka sha ta da yawa. Da ta haɗu da madara sai ta fara sassara furotin ɗin madarar, guntattakin da ke fita kuwa masu ɗaci ne. A mintunan farko ba a ji, amma aikin ba ya tsayawa, sanyin firigo rage masa gudu kawai yake yi. Gwanda ma haka take, musamman wadda ba ta gama nuna ba. Don haka ki zaɓi ɗaya: ko abarba da ruwa, ko madara da mangwaro da ayaba. Idan lallai kina son su tare, ki yanka abarbar ki tafasa ta minti 5 da ruwa kaɗan, ta huce sannan ki zuba, domin zafi yana kashe sinadarin. Ko kuma a markaɗa a shanye nan take.

Kokwambar ma ki duba ta. Ɗacinta yana taruwa a kan da ke wajen kara da kuma cikin ɓawo, kuma ya fi yawa a wadda ta sha ƙishirwa a lambu lokacin zafi. Ki yanke kan kamar faɗin yatsa biyu, ki feraye, ki ɗanɗana ƙaramin yanki kafin ki jefa. Wadda ta yi ɗaci sosai a zubar da ita gaba ɗaya, sukari ba ya rufe wannan ɗacin kuma tana iya ɓata ciki.

Rabuwa kuwa yawan ruwa ne. Kokwamba kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ce, abarba ma ruwa ce, ga madarar da aka dama, ga ƙanƙara tana narkewa. Babu abin da zai riƙe su. Mikser yana cusa iska cikin tuƙar, sai ta yi sauƙi ta taso, ruwa ya zauna ƙasa. Abin da ke ɗaure haɗi shi ne nama mai santsi: mangwaro, ayaba, gwanda nunanniya, ko kindirmo mai kauri. Ma'aunin da ba ya ba da kunya shi ne kashi biyu na mai nama, kashi ɗaya na mai ruwa, kashi ɗaya na abin tsinkawa.

Ga na mutum huɗu, kusan lita ɗaya, da kofi mai cin mililita 250: naman mangwaro kofi biyu, ayaba nunanniya ɗaya babba, rabin kokwamba da aka feraye, karas ɗaya matsakaici da aka goge a magogi, ɗanyar citta kamar gaɓar ɗan yatsa, ruwan lemun tsami ɗaya, ruwa mai sanyi kofi ɗaya. Idan mangwaron ya nuna da kyau ba ya neman sukari. In ya gaza, dabino uku da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa minti 20 sun isa, a zuba har da ruwan jiƙon.

Maganar mangwaro: ki nemi mai aure, wanda namansa ke yankuwa kamar man shanu. Ƙananan nan na gida sun fi ƙamshi, ba musu, amma zarensu yana naɗe wuƙar mikser kuma yana tsayawa a haƙora. Idan su kika samu, ki matse su da hannu a cikin ruwan da za ki yi amfani da shi, ki tace da rariya, ki ɗauki wannan ruwan a matsayin abin tsinkawa. Abarba kuma ki sani ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta daga gona, laushi kawai take yi. Tunda daga kudu ake kawo mana ita, ki shinshina gindinta a wurin mai sayarwa: in babu ƙamshi, ajiya ba za ta gyara ta ba.

Malam Sani Mai Gyaran Firigo:

Hajiya ta gama magana a kan kayan haɗi, Allah ya ƙara sani. Ni ta ɓangaren sanyi da inji zan shiga.

Maman Nafisa, ki daina sa ƙanƙara a ciki. Ki mayar da ƴaƴan itacen su zama ƙanƙarar. Da dare ki yanka mangwaro da ayaba ƙanana kamar girman ƙwallon dabino, ki shimfiɗa su a faranti ba tare da sun hau juna ba, su kwana a wurin daskarewa, da safe ki juye a leda ki ɗaure. Idan kika tara su a leda tun farko za su zama dunƙule ɗaya da sai an sa taɓarya. Rabin kayan daskararru, rabi ɗanye, shi ne ke ba da kauri mai riƙe cokali, kuma in ya narke zaƙinsa ba ya raguwa, domin abin da ke narkewa mangwaro ne, ba ruwa ba. Kokwamba da karas a firigo kawai za a sa su.

Yawancin miksan da ke gidajenmu masu wat 300 zuwa 400 ne, ba a yi su don fasa ƙanƙarar leda ba. Ita ce ke dakushe wuƙa, ta cinye haƙoran robar da ke haɗa kofin da injin, wani lokaci ta tsaga kofin. Tsarin zubawa ma yana da muhimmanci: ruwa a ƙasa, sai gogaggen karas da citta, a markaɗa su su kaɗai daƙiƙa 30 har su yi laushi. Sannan kayan taushi. Daskararrun a ƙarshe, bayan sun sha iska minti 5 a waje. Kada kofin ya wuce kashi biyu cikin uku. A kunna daƙiƙa 30 zuwa 40, a kashe, a huta kaɗan, a sake. Idan kika ji ƙarar injin ta yi sama amma kayan ba sa juyawa, iska ce ta taru a kan wuƙa: ki kashe, ki juya da cokali, ki ƙara ruwa cokali uku. Barinsa yana kuka haka shi ke ƙona inji, kuma doguwar markaɗa tana ɗumama haɗin tana ƙara kumfa.

Idan an ɗauke wuta, kada a yi ta buɗe wurin daskarewa. In ya cika kuma a rufe yake, yana riƙe sanyi awanni da yawa. Ƴaƴan itacen da suka narke sarai har suka saki ruwa, a yi amfani da su ranar idan suna da sanyi, kada a mayar su sake daskarewa.

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya:

Sannunku. Ina da ƙari, ina kuma da wurin da na ɗan saɓa da al'adar da aka saba.

Mutane da yawa suna tace haɗin da rariya don ya yi sumul. Ban goyi bayan haka ba, sai dai zaren mangwaro da Hajiya ta ambata. Tuƙar nan ita ce ke sa ƙoshi, ita ce ke taimakon hanji, kuma tana rage saurin shigar zaƙi cikin jini. Idan aka tace aka ƙara sukari, abin da ya rage bai fi lemun kwalba da nisa ba. Mai ciwon sukari ya tsaya a ƙaramin kofi ɗaya, ba dabino, ba sukari, a rage mangwaro a ƙara kokwamba, kuma ya sha tare da abinci.

Tsafta ita ce ta fi damuna, domin wannan abin ba ya hawa wuta. A wanke mangwaro da abarba da kankana kafin a yanka, ko da za a feraye, saboda wuƙa tana jan dattin baya zuwa ciki. Wuƙa da katakon da aka yanka nama ko kaza ba sa taɓa su. Ruwan haɗin ya zama wanda za ki iya ba jariri. Ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, ki zuba ta a roba ki dasa kwalaben a ciki, kada ta shiga cikin abin sha. Nonon da aka saya a ƙwarya, idan ba a tabbatar an dafa madarar kafin ta kwana ba, kada a ba yara shi ɗanye, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi.

Lokaci: abin da aka markaɗa ba ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce. A Afirilu da Mayu a Maradi muna haura 40, don haka ku ɗauki awa ɗaya. A firigo, a kwalba mai murfi da aka cika har wuya, ya kwana ɗaya kawai. Wanda ya fara tsami ko murfinsa ya yi huci da aka buɗe, a zubar. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, mai ciki ta guji ɗanyar gwanda mai farin ƙaro.

Maman Nafisa, Zariya:

Na gode ƙwarai Hajiya, Malam da Anti, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya biyu. Zogale yana shiga? Kuma in ba madara, me zai ba shi wannan garɗin da yara ke so?

Hajiya Mai Lambu:

Yana shiga, kuma mu na Maradi da garin Jiratawa ke kusa da mu ba ma rasa ɗanye. Sai dai zogale yana da yaji-yaji da ɗan ɗaci, in ya yi yawa ya ƙwace haɗin. A lita ɗaya, ganye cikin tafin hannu ɗaya ya isa, a tsige shi daga sanda tsaf don sandunan ba sa markaɗuwa. Ki tsoma shi a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi, ki matse. Wannan yana rage gafin, yana kuma amsa damuwar Anti Rabi a kan tsafta. Ki markaɗa shi da ruwa tun a zagayen farko. In garin busasshe ne, ƙaramin cokali ɗaya. Ranar da za ki sa zogale ki cire karas, domin kore da ja in sun haɗu launin ƙasa suke bayarwa, yaro kuwa da ido yake fara sha. Mangwaro, abarba, kokwamba da zogale suna ba da kore mai haske, ganyen na'ana'a biyar su ƙarasa shi.

Garɗi kuma, ga aya a ƙofar gida, jiharmu ta Maradi ce gidanta. Ki jiƙa busasshiyar aya kofi ɗaya ta kwana, ki canja ruwan, ki wanke ta sosai don ƙasa da tsakuwa, ki markaɗa da ruwa kofi uku, ki tace da ƙyalle mai tsafta. Wannan farin ruwan ki sa a madadin ruwa. Da mangwaro da ayaba da citta ba ƙaramin daɗi yake ba. Amma ruwan aya ya fi madara saurin lalacewa, a yi shi a sha a ranar, kuma yana kwantar da gari a ƙasa, sai an girgiza. Hanya ta biyu garin ƴaƴan kuka, farin nan na cikin ƙoƙo, ba garin miya ba: babban cokali ɗaya a jiƙa a rabin kofin ruwa minti 15, a tace. Yana ƙara kauri da tsami mai laushi, don haka ranar da aka sa shi a rage lemun tsami zuwa rabi.

Lemun tsamin ma ki matse shi a kofi daban ki tsince ƴaƴan, ƙwaya biyu in suka markaɗu sun isa su ɗaɗɗaɗa lita guda. Amfaninsa ba ɗanɗano kaɗai ba ne, yana hana ayaba yin baƙi da wuri. In da madara a ciki, a bar shi, zai tsinke ta.

Malam Sani Mai Gyaran Firigo:

Abu ɗaya da aka manta. Idan da miksan nan ake markaɗa tattasai da albasa da tarugu, warin yana maƙalewa a zoben robar da ke ƙarƙashin wuƙa, ya fito a cikin mangwaro. Ki kwance gindin kofin, ki zare zoben a hankali da bayan cokali, za ki ga jan abin da ya taru a ramin. Ki wanke da sabulu da tsohon buroshi, ki jiƙa zoben a ruwan lemun tsami minti 10, ya bushe kafin ki mayar. Ki lura ya zauna daidai a raminsa, in ya karkace kofin zai riƙa ɗiga a kan injin.