Yaya ake samun kukan jita irin na Elmore James, makaɗin blues ɗan Amurka?

Ɗan Nima: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wane saiti Elmore James yake yi wa jita? Wuyan kwalbar da nake sawa a yatsa don gogawa kan tsirkiya irin yadda yake yi yana ta ba da ƙarar banza.

Mai Jita, Aboabo: Wa alaikumus salam ƙanina. Sake ɗaurin tsirkiyoyi zuwa sautukan D-A-D-F#-A-D, daga mai kauri zuwa siririya. Sa kwalbar a ƙaramin yatsa, daidai saman ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ba tsakanin ƙarafa ba, in ba haka ba sautin zai gaza kaiwa. Kada ka danna, taɓawa kawai. Ƙarar nan kuwa, yatsun bayan kwalbar ne ba su kwanta kan tsirkiya ba.

Hajiya Sabon Zongo: A ƙara da ɗaga tsirkiyoyin kaɗan daga wuyan jita, kuma a sa masu kauri, sirara ba sa ɗaukar nauyin kwalba.

Malam Tanko: Kada a manta amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Elmore James ya yi aikin gyaran rediyo a Mississippi, inda aka haife shi a 1918, shi ya sa ya iya sarrafa ƙarar kayansa. Ya rasu a Shikago a 1963. Jeremy Spencer, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙa ta Fleetwood Mac, salonsa ya bi sak.