Neman kalma: wane suna za mu ba "courroie de distribution"?

Mai buɗe zance:
Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa wani shirin rediyo na direbobi a kan ƙananan injunan esansi, irin na Starlet da tsofaffin Peugeot 205 da 206, sai na cije a kalma guda. Abin nan na roba mai haƙora da ke ɓoye bayan murfi a gefen inji, wanda Faransawa ke ce wa courroie de distribution, ƴan Najeriya su ce taimin bel. A garejin Damagaram kowa kurwa yake cewa. To amma wadda ke juya altanato, abin da ke cajin batir, ita ma kurwa ce. Ina son sunan da in na faɗa, mai mota a Mirya ko Magarya zai san wacce nake nufi.

Malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Tun da aikinta kiyaye lokaci ne, me zai hana a ce ɗamarar lokaci?

Bakanike daga Zango:
Allah gafarta Malam, ka shiga shagon kayan mota ka ce a ba ka ɗamarar lokaci, wallahi wurin mai gyaran agogo za su tura ka. Bari in faɗi aikinta tukuna, suna ya biyo baya. Inji yana shaƙa, ya matse, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Kafin ya gama waɗannan huɗun, sandar ƙasa da ke ɗauke da fistan ta yi juyi biyu, sandar sama da ke buɗe sufaf, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ta yi juyi ɗaya. Shi ya sa haƙoran gargaren sama suka ninka na ƙasa. Kurwar nan ita ke riƙe su kada ɗaya ta riga ɗaya. In za mu ɗaura sabuwa, akwai alama a kowane gargare da sai ta hau gurbinta. A injin TU na Peugeot ma rami ne ake zura ƙarfe a kulle sandunan biyu. Haƙori ɗaya ya kuskure, mota ta rasa ƙarfi, ta dinga shan mai tana tari. Mu wannan aikin saiti muke ce masa.

Direban hanyar Tanut:
Maigida ya faɗi gaskiya, kuma ni rashin sunan nan ya ci ni. Na sayi 206 da ta fito daga Kwatano, na tambayi mai sayarwa ko an canza kurwa, ya rantse an canza. Bai yi ƙarya ba, ta altanato ya canza. Na wuce matatar mai kaɗan sai inji ya mutu tsit, ba ƙara ba hayaƙi. Da na murza makulli sai ya dinga juyawa sakayau. Aka buɗe kulas, wato kan inji, sufaf sun lanƙwashe. Kuɗin da ya tafi ya sayi kurwar nan sau da yawa.

Bakanike daga Zango:
Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Haka TU3 yake. Inji ne mai haƙuri, cc 1360, sufaf takwas, ba ya ba da wahala in ana canza masa mai, amma fistan da sufaf wuri ɗaya suke shiga, bi da bi. Kurwa ta tsinke, sufaf ta tsaya a buɗe, fistan ya taso ya same ta. Ta altanato kuwa in ta tsinke, fitilar batir ce za ta kama, ka tsaya ka sa wata a bakin hanya.

Mai sayar da kayan mota:
To a ce kurwa mai haƙora mana. Haka wasu ke tambaya a shagona.

Bakanike daga Zango:
Alhaji, duba rumfarka da kyau. Ta altanato ma akwai mai tsage-tsage a ciki, yaron gareji zai ce maka haƙora ne. Mun koma gidan jiya.

Mai buɗe zance:
Kurwar ciki da kurwar waje fa? Gajeru ne, kuma kowa zai gane ɗaya a ɓoye take.

Malamin makaranta:
Wannan ya fi nawa. Sai dai ni kalmar kurwa ce ba ta kwanta mini ba. A Hausa kurwa ita ce wadda ake cewa maye ya kama. Sa'a ce kawai lafazin Faransanci ya faɗo kanta.

Direban hanyar Tanut:
Malam, ai sa'ar ta yi kyau. Ranar da tawa ta fita, motar gawa ta zama.

Wani daga Kano:
Ku yi haƙuri in sa baki daga ƙetaren iyaka. Mu in ka ce kurwar mota, dariya za a yi, bel muka sani. Kada ku wahalar da kanku a kan kalmar farko, ba za ta haɗu ba: ku kuna cewa buji, mu fulogi, ku sufaf, mu bawul. Ta biyun ce ya kamata mu yi tarayya a kai. Saiti da bakanike ya ambata, mu ma shi muke faɗa. Ku ce kurwar saiti, mu ce bel ɗin saiti, direban da ke zirga-zirga ta Matamai zai gane duka biyun.

Malamin makaranta:
Saiti ai aro ne daga Turanci. Daidaito ba zai yi ba?

Bakanike daga Zango:
Malam, mota ma aro ce. Tela yana saita keke, mai rediyo yana saita tasha, kalmar ta zama tamu. Kuma tana da wani amfani da "ciki" ba ta da shi. Ba kowane inji ke da roba ba. Tsohuwar 504 mai esansi sarƙa gare ta, haka Yaris da ta gaji Starlet a 1999. Sai a ce sarƙar saiti, magana ta tafi daidai. Sarƙa tana cikin mai, tana daɗewa, in ta gaji kuma tana gargaɗi da kacau-kacau. Roba ba ta sallama.

Mai buɗe zance:
Na karɓa. A shirin zan ce kurwar saiti da sarƙar saiti, ta waje kuma kurwar altanato. Maigida, wane wa'adi zan faɗa wa mutane?

Bakanike daga Zango:
Masu ƙera motoci sun bambanta, yawanci daga kilomita 60,000 zuwa 120,000, ko wasu ƴan shekaru, duk wanda ya riga. Amma ka ja kunnensu kada su dogara da lambar kilomita da ke gaban direba. Starlet mai injin 2E, cc 1295, ko 4E-FE na ƙarshe, cc 1331, ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25, ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso nan. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu kuma ba sa raga wa roba, balle in murfin ya fashe ko mai yana ɗiga a kanta. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota ba da takardar gyara ba, ya canza kawai. A canza da gargaren da ke ɗame ta, a TU har da famfon ruwa, don ita ke juya shi. In an gama, a sa yaro ya rubuta kwanan wata da kilomita da farin fenti a jikin murfin.