Wel mai haƙorin shebur ko itacen Lomatia: wanne ya fi kusa da ƙarewa?

Malam Isa: Ni dai wel ɗin nan na tekun Niyuzilan, wato babbar dabbar teku mai shayarwa da ake kira Mesoplodon traversii, shi ya fi shiga haɗari. Tun 1872 da aka tsinci muƙamuƙinsa a tsibirin Pitt, ba a tabbatar an gan shi da rai ba. Ai ba za a haɗa shi da itacen Lomatia tasmanica da ake iya zuwa a taɓa ba.

Dakta Binta: Malam, rashin gani daban, ƙaranci daban. Danginsa masu baki kamar na tsuntsu a ƙasan teku suke kiwo. Wel ɗin Cuvier an auna nitsonsa ya kai mita 2,992, wani ya yi minti 222 bai fito ba. Numfashi na 'yan mintoci ke kawo su sama. Kuma ko gawa rikitarwa take: uwa da ɗanta na mai haƙorin shebur da ruwa ya turo gaɓar Opape ta Niyuzilan a 2010, an ɗauka wani danginsa ne, wel ɗin Gray, sai gwajin DNA ya gyara. Shi ya sa IUCN, ƙungiyar duniya mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta ce bayanai ba su isa a yanke hukunci ba.

Injiniya Habu: Shi kuwa Lomatia an san iyakarsa. Wuri ɗaya tak yake, a duwatsun kudu maso yammacin tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, fili mai tsawon kilomita 1.2, kara kimanin 500, kuma duk tsiro ɗaya ne ta fuskar ƙwayar halitta. Kuromosom ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, rukuni uku ne maimakon biyu, don haka yana fure amma ba ya 'ya'ya. Reshe ne ke faɗuwa ya yi saiwa, haka yake ta yi aƙalla shekara 43,600.

Malam Isa: To a yanki rassan a dasa mana, Injiniya. Wel fa ba a dasa shi.

Injiniya Habu: Ana yi a lambun tsirrai na Hobart, babban birnin Tasmaniya, da wahala, domin yankan yakan yi baƙi ya mutu. Ko ya kama, kwafi ne. Cutar Phytophthora mai ruɓar da saiwa, wadda laka ke ɗaukowa a takalmi, in ta kashe ɗaya ba wanda ke da garkuwar da ɗan'uwansa ya rasa. Gobara ɗaya ma ta isa.

Dakta Binta: Namijin wel mai haƙorin shebur, mai mita 5, da aka tsinta a Otago ta Niyuzilan a Yulin 2024, da aka feɗe shi an samu cikinsa ɗaki tara da ragowar ƙahon bakin sikwid, wata halittar teku mai hannuwa da yawa. Ya nuna abincinsa, bai nuna yawansu ba.

Malam Isa: Na yarda haɗarin Lomatia an auna shi. Amma wanda ba a ƙirga ba zai iya raguwa ba wanda ya sani, kuma wannan ya fi damuna.