Database ɗina na riga diski tashi, ina mafita?

Ɗan_Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Na saka Debian 12, wato wani nau'in Linux, a wata tsohuwar kwamfuta a shagonmu nan Samaru, diski biyu ne a ciki, na farkon na yanka shi uku, EFI (ɓangaren tada injin) da / (tushen tsarin) da swap (mai taimaka wa RAM in ta cika), na biyun kuma na bar shi dunƙule na ɗora a /srv don can na kwashe bayanan PostgreSQL, manhajar database ɗina. To in an ɗauke wuta muka tada janareta wani sa'in sai injin ya tsaya yana jira har daƙiƙa 90 sannan ya ƙi ƙarasa tashi, na ƙara nofail a fstab (fayil ɗin da ke jera diskan da za a ɗora lokacin tashi) yanzu yana tashi amma database ɗin sai na tada shi da hannu. Me na ɓata ne dan Allah?

Injiniya_Kongo: Wa alaikumus salam. Ai nofail ɗin nan cewa kayi da systemd, mai tada ayyuka lokacin tashin injin, kar ya jira diskin, shi kuma PostgreSQL bai san ka mai da kayansa /srv ba, /var/lib/postgresql ya sani, shi ya sa yake rigan diskin. Buga systemctl edit postgresql@15-main, ƙarƙashin [Unit] ka rubuta RequiresMountsFor=/srv shikenan. After= kaɗai jeri yake tsarawa, ba ya janyo diskin.

Malam_TudunWada: Injiniya ya yi gaskiya amma ni tambayata me ya sa tun farko diskin yake ɓacewa? Ɗan uwa duba fstab ɗinka, in /dev/sdb1 ka rubuta to nan gizo ke saƙar, sunayen nan canzawa suke, filashi ɗaya aka bari a jiki zai iya ƙwace sdb. Umarnin blkid zai baka UUID, lambar diskin da ba ta canzawa da jeri, shi zaka sa, ka gwada mount -a kafin ka kashe injin.

Baban_Ummi: Ni dai da LVM (tsarin yanka diski mai saukin ƙara girma daga baya) kayi tun farko da ka huta, kuma ka ware /var, don in log (bayanan aikin injin) ya cika / wallahi sai kayi kuka. Mu da muka fara da FreeBSD, wani tsarin daban da Linux, layin REQUIRE ɗaya ne a rc.d ya gama magana, amma bari in yi shiru kar yara suce na tsufa.

Ɗan_Samaru: Malam wallahi sdb1 ne a ciki, kuma yaran da ke zuwa firintin kullum sai sun manta filashi a jiki. Na canza zuwa UUID na ƙara layin Injiniya, sau uku na kashe na kunna lafiya lau. Baba zancen LVM sai an yi hutun makaranta, yanzu layi ne har waje.