Sel ɗina sun ƙi kama faranti, ko robar ce?

Hadiza_Agege:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a wani lab da ke Yaba, ina renon sel (ƙwayoyin halitta) na Vero, waɗannan na ƙodar biri. Fulas ɗin (kwalaben renon sel) da muka saba da su sun ƙare, odar da aka yi kuma tana maƙale a tashar jiragen ruwa, sai wani dillali ya kawo mana farantan roba, a like cikin ledarsu. Jiya da yamma na zuba sel. Yau da safe na leƙa a maikuroskop, maimakon in tarar sun baje sun kama ƙasa, sai na ga sun dunƙule gungu-gungu, ina karkata farantin suna bin ruwa. Inkubeta tana kan digiri 37, CO2 kashi 5, siram (ruwan jini da ake ƙara wa abincin sel) kashi 10 kamar kullum, janareta ma bai mutu ba cikin dare. Abokin aikina ya ce ai roba roba ce, sel ɗin ne suka tsufa. Ni dai ban yarda ba, don 'yan'uwansu da ke cikin tsohon fulas lafiyarsu ƙalau.

Dakta_Bala:
Wa alaikumus salam. Malama Hadiza, ke ce da gaskiya. Ina kyautata zaton farantan masu renon bakteriya aka kawo muku. Duka biyun robar polistirin ce, a ido ba ki bambanta su, amma ɗanyen polistirin ba ya shiri da ruwa. Wanda aka yi don sel, a masana'anta ake bi ta kan fuskarsa da filasma (iskar gas mai caji) ko tartsatsin lantarki, oksijin ya shiga saman robar, ya bar rukunan haidroksil da kaboksil. Daga nan sai ruwa ya riƙa bajewa a kai.

Kuma sel ba robar yake kamawa kai tsaye ba. Kina zuba midiya, wato ruwan renon sel, furotin na siram ne ke fara kwanciya a kan robar, musamman bitronektin da fibronektin. Sel yana da 'yan ƙugiyoyi a fatarsa, integrin, su ne ke laluben wani ɗan yanki na amino asid uku da ake kira RGD a jikin waɗannan furotin, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka bayyana a 1984. A kan ɗanyar roba, albumin da ya fi yawa a siram shi ke mamaye wurin, shi kuwa ba shi da abin da integrin zai riƙe. Masu renon bakteriya ba ruwansu da wannan, tunda nasu a kan aga (daskararren abincin bakteriya da ake zubawa a faranti) suke girma.

Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a sabon faranti, ɗaya a tsohon fulas, ki kwatanta.

Hadiza_Agege:
Na gwada yanzu, Dakta. A fulas ya baje, a sabon kuwa ya tsaya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza. Na kuma duba ledar, babu alamar TC (tissue culture, wato an gyara shi don renon sel) ko'ina. To yanzu kwali guda ya tashi a banza ke nan?

Sani_IdiAraba:
Ƙanwata, kada ki zubar. Ni ma'aikacin lab ne, abin da muke yi in mun matsu shi ne mu shafa wa farantin jelatin na kashi 0.1, a bar shi kamar rabin awa a inkubeta, a zuƙe ragowar, sannan a zuba sel. Poli-L-laisin ma yana yi, shi da cajinsa yake jawo fatar sel, sai dai da tsada. Ki karanta kwalbar jelatin ɗin: nau'in A yawanci daga fatar alade ne, B na shanu, in hakan ya dame ki. Kada kuma wani ya ce miki a sa farantan a otokilef (tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi), lanƙwashewa za su yi.

Dakta_Bala:
Shawarar Malam Sani ta yi don a raya sel. Amma gwajin da zai shiga kundinki, kada ki yi rabi a fulas rabi a jelatin, domin abin da sel ya kwanta a kai yana sauya siffarsa da saurin rabuwarsa, masu jarrabawa kuma za su tambaya. Waɗanda ke yawo ɗin nan ki kwashe su yau, irinsu in suka daɗe ba su kama komai ba mutuwa suke yi. Ki ƙirga masu rai da tiripan bulu (rinin da ke shiga matattun sel) kafin ki mayar da su fulas.