Neman kalmar Hausa: "naduvu nilaimai" na fataken Tamil

Mai Tambaya: Malamai, ana neman kalma. Tirukkural, littafin hikimar mutanen Tamil na kudancin Indiya, baiti 1,330 ne cikin babi 133, kuma babi na 12 sunansa naduvu nilaimai. Naduvu tsakiya, nilai tsayuwa. Baiti na 120 ya ɗora shi kan 'yan kasuwa: cinikin kirki na wanda ya riƙe kayan wani tamkar nasa ne. A ce adalci kawai?

Mai Fassara: Adalci ya yi masa yawa, Malam. Mun riga mun ba shi aikin alƙali da sarki, kuma littafin ya ware wa adalcin sarki babinsa daban, na sandar mulki miƙaƙƙiya. Ni tsaka-tsaki na gani.

Mai Awo: Allah ya gafarta Malam, tsaka-tsaki a bakin ɗan kasuwa kaya ne da ba mai kyau ba, ba kuma marar kyau ba. A wajen rigima kuwa ɗan ba-ruwana ne. Wannan da ruwansa, shi ne ma riƙe da ma'aunin. A duba baiti na 118: misalinsa sikeli ne da zai fara zama daidai babu komai a kansa, sannan a ɗora kaya. Haka aikin yake. Ana duba shi faranti biyu wayam. In ya riga ya rinjaya gefe ɗaya, ko dutsen awonka cikakke ne an tauye wani.

Mai Garma: Akwai misali na biyu. Waƙar Pattinappalai, mai layi 301, wadda ke yabon Sarki Karikala na Chola, ta kwatanta fataken birnin Puhar da ke bakin kogin Kaveri da turken tsakiyar karkiya. Nan ake ɗaure garma. Turken ya goce ko da taƙi ɗaya, bijimin da turken ya matso gare shi ne zai ɗauki mafi yawan nauyin ja, ya riga ɗan'uwansa gajiya, kunya ta fito a karkace. Waƙar ta ce ba sa karɓar fiye da haƙƙinsu, ba sa ba da kaya a tauye, kuma a fili suke faɗin farashi. Sikeli da karkiya, ciwonsu ɗaya: karkata. Me zai hana rashin karkata?

Mai Fassara: Na so in kawo "tsakani da Allah", ga tsakiyar ma a ciki, amma wannan maganar niyya ce, ba ta nuna ɓangare biyu da ake auna wa. Rashin karkata ya fi zama. Ya ɗauki baiti na 119 ma, inda aka haɗa miƙewar harshe da ta zuciya, ya kuma ɗauki misalin lanƙwasasshiyar sandar azzalumin sarki, wadda Tamil ke kira kodungol.

Mai Awo: Na yarda, da sharaɗi. Kada a sa shi a gurbin algus ko tauye mudu. Waɗannan laifuffuka ne masu sunansu. Rashin karkata halin mai awon ne, ko aboki ne a gabansa, ko baƙo, ko abokin gaba.

Mai Tambaya: To, kan babi: Rashin Karkata. Mai halin kuma fa, Malam? "Marar karkata" ya yi mini nauyi a baki.

Mai Garma: A cikin jimla a ce "falken da ba ya karkata". Ya isa.