Ɗaga mota ya isa, ko sai an yanka gidan taya?

Direban hanyar Dakoro: Salamu alaikum ƴan uwa. A tasha ana cewa mai Hilux in zai sa babbar taya mai lamba 285/70R17 don rairayin Bermo da Gadabeji, ya ɗaga motar santimita 5 kawai, ba sai ya taɓa ƙarfe ba. Ni ma haka nake gani. Mota da lafiyarta, don me za a sa mata wuƙa?

Makanike: Wa alaikumus salam. Malam direba, maganar nan rabinta ce gaskiya. Tayar da motar ta zo da ita, 265/65R17, tsayinta milimita 776, ita 285/70R17 kuwa 831. Ka ƙara 55 ke nan, kusan 27 ta kowane ɓangare. Ɗagawa tana gyara tsayuwar mota ne a fili. Ranar da ƙafar gaba ta faɗa rami da lodi, taya za ta hau har inda take hawa a da, domin robar da ke tare ta tana nan inda kamfani ya sa ta. Kuma gugar taya da jikin mota ba sama take farawa ba, bayan taya take, wajen ƙafar direba, in an karya sitiyari duka ana baya.

Direban hanyar Dakoro: To ai sai a cire robar tare taɓo, shi ke nan.

Makanike: Wannan ya kan isa ga 265/70R17, mai 803. Ga 285 da wuya, balle in janti ya turo taya waje.

Mai gyaran jikin mota: Ni inda nake ja shi ne da masu cewa a yanka gidan taya "a gida". Roba dai a yi ta a gida: robar ciki a gasa ta da iska mai zafi, a tura ta baya, a riƙe har ta huce. Kusurwar bamba a manna tef na takarda, a ja layi, a yanke santimita 1, a gwada, a ƙara. Amma bayan robar akwai haɗin ƙarfe biyu da aka ɗinke da ɗigon walda, ya fito kamar tozo. Wanda ya share shi da injin yanka ya raba ƙarfen biyu, damina ɗaya ruwa da taɓo sun shiga ƙasan gidan direba. Yadda ake yi, a tsaga shi duk santimita 3 ba tare da an ci ɗigon waldar ba, a kwantar da guduma, a goge, a sa fentin hana tsatsa, a toshe da gam na haɗin ƙarfe, sannan baƙin fenti.

Ƙaramin makanike: Maigida, duk wannan ai mai hannu zai iya a ƙofar gida. Faifan yanka mai kaurin milimita 1, gilashin ido, a cire kan batir. Sai dai a leƙa bayan roba tukuna, akwai wayoyin fitila, wani gefen da tulun ruwan wanke gilashi.

Mai gyaran jikin mota: A gaban mota na yarda, yarona, in zai rufe gilashi da fenti da jiƙaƙƙen bargo, don tartsatsi yana nutsewa cikinsu, bayan sati ka ga ɗigon tsatsa. Kuma ya riƙa ɗaga faifan, don in ya daɗe wuri guda fenti ya ƙone. Amma bayan Land Cruiser mai rufaffen jiki, a'a. Can ƙarfen ninki biyu ne, bakin da za ka yanke shi ne ke riƙe da su. Sai an lanƙwasa an sake walda, ga bututun zuba mai kusa.

Makanike: Kafin kowa ya yanka, a auna. A hau da ƙafar gaba ɗaya kan tudu har ta matse, a karya sitiyari dama da hagu, a shafa alli a taya a ga inda ya bar shaida. A bar tazarar yatsa biyu, domin taɓon gulbi yana manne wa taya ya ƙara mata kauri.

Direban hanyar Dakoro: Na ji batun auno. Amma har yanzu ina ganin rage iskar taya zuwa bar 1,5 a ma'auni cikin rairayi ya fi yanka amfani.

Makanike: Nan ba mu da gardama, Malam. Ka ƙara da cewa da 285 agogon gudu zai riƙa rage maka wajen kashi 7 cikin 100, birki kuma ya ƙara aiki. In lodi kake ɗauka kullum, tsaya kan 265/70 ka gasa roba kawai.